Do-Re-Mi a Bakin Iyaka

Wanda ya fara koya mini waƙa a rubuce wani tsohon limamin Angilikan ne da muke ce wa Baba Rabaran. Daga Katsina yake zuwa a kan babur, ya bi ta Jibiya ya iske mu a Gangara, inda aiki ya kai mahaifina. Mu 'yan tsiraru ne, idan aka tara mu ba za mu cika benci huɗu ba, don haka a zauren gidanmu ake yin gwajin waƙa. Ba ya zuwa da kayan kiɗa. Abin da ke cikin jakarsa alli ne, da Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya sha ɗinki, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa a gwiwa ya kara a kunne don ya kamo muryar farawa. Sai ya rubuta d, r, m, f, s a jikin ƙyauren zaure, ya ce mu bi shi.

Maƙwabtanmu suna leƙowa suna mamaki, kuma suna da dalili. A ƙasar Hausa ba a san ana koyon kiɗa da waƙa a gaban allo ba. Gado ne, ko kuwa bin ubangida. Musa Ɗanƙwairo a gidan ubansa ya tarar da kiɗan noma. Wanda bai gada ba, kamar Mamman Shata, sai ya sha faɗa da dangi kafin a ƙyale shi. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya, ya zama ɗan amshi, ya shekara goma yana saurare kafin a ba shi baki. Ga kuma kallon da ake yi wa sana'ar: a ji daɗin maroƙi ranar biki, a hana shi 'ya ranar da ya zo neman aure. To, a ce malamin addini, mai farar kwala a wuya, shi ne ke tara yara yana koya musu sarrafa murya, wannan baƙon abu ne.

Da na girma na shiga aikin da kaina, sai na bi sawun abin, na tarar duk inda na taɓa, igiyar tana komawa Zariya.

A 1900 ne Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin 'yan mishan na CMS har Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda bai haƙura ba. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya duƙufa a kan Hausa har ya zama jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito a 1932. Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bai yi daɗi ba. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne sarkin nan gawurtaccen marubucin waƙa ne, ya san kari da amsa-amo kamar yunwar cikinsa, ga shi a gari ɗaya da mutanen da ke faman cusa kalmomin Hausa cikin karin waƙoƙin Ingila. Daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. A riƙe sunan garin nan, zai sake fitowa.

Kiristocin farko ba daga birni kaɗai suka fito ba. Akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun ƙarni na 19, waɗanda wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller a 1913. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu ɓarna, ragowar suka watse. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga birni ya koma Wusasa, a ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, mai bakan gizo a ciki. Duk wanda ya taɓa rera waƙa a cikinta ya san abin da katangar ƙasa mai kauri take yi wa murya: ba ta mayar da amo da ƙarfi kamar siminti, tana riƙe shi ne ta tausasa. Ana yawan ambaton Wusasa saboda Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko na Arewa, da John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Yakubu Gowon wanda mahaifinsa mai bishara ne a can. Ba a cika faɗin cewa duk yaron da ya bi ta makarantar nan ya tsaya a layi ya yi do-re-mi ba. Malaman makaranta da katikis da suka fito daga can su suka kai wannan karatu ƙauyukan Zazzau da Kano da Katsina, kowa da allinsa.

Sai dai aikin yana da wata matsala da har yau ba mu gama da ita ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ga dogon wasali da gajere, su kuwa kare-karen da aka aro ba ruwansu da wannan. Wata rana muna cikin wata waƙa mai maganar wuyar duniya, sai Baba Rabaran ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Ya dube ni.

"Kai, yaro, me ka ce ana sha?"

"Wuya, Baba."

Ya shafa maƙogwaronsa. "Wannan wuyan? Wa ka taɓa gani ya sha shi?"

Muka fashe da dariya. Karin waƙar yana saukowa ne daidai kan kalmar, ita kuwa wuya ta wahala hawa take yi, mai sauka ita ce ta jiki. Ya goge harafi biyu a jikin ƙyaure ya juya su, ya ce Turawan da suka yi karin sun mutu, ba za su kai ƙara ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin raha. Yanzu ina ganin shi ne ainihin aikin malamin waƙa a wajenmu, kuma waɗanda suka ƙi taɓa ko harafi ɗaya don girmama littafi su suka bar mana waƙoƙin da ake rerawa shekara da shekaru ba a jin abin da suke cewa.

Mata ne suka warware rabin matsalar, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. 'Yan Zumuntar Mata suka shigo da tulu da ake bugun bakinsa da soso, da caki, da ganga, suka riƙa yin waƙa irin ta bayarwa da amshi, kari yana bin magana yadda take a baki. Mu masu allo mun ɗan raina su da farko, ba zan ɓoye ba. Amma je ka taron Zumunta a Katsina ko Maraɗi ka ga wace waƙa ce ke tayar da mutane tsaye. A tsallaken iyaka ma, wajen Tsibiri da Danja inda 'yan mishan na SIM suka yi aiki, littafin waƙoƙin ɗaya ne da namu. Lambar waƙa kawai za ka kira, a kama tare, ko da kuɗin aljihunku sun bambanta.

Wanda ya fitar da wannan karatu daga harabar majami'a ya kai shi kasuwa ɗan limami ne. Cikin yaran da suka tashi a hannun Dokta Miller har suka ɗauki sunansa akwai Henry Miller, wanda ya zama limamin Angilikan. An haifi ɗansa Bala a Pankshin a 1928. Da aka tura uban majami'ar Holy Trinity ta Lakwaja, can yaron ya ci karo da kayan badujala, ƙahonni da ganguna irin na soja, ya shiga ƙungiyar makaɗan makaranta, ran Lahadi kuma yana cikin mawaƙan coci. Ya wuce CMS Grammar School ta Legas, ya faɗa cikin kiɗan hailaif a zamanin su Victor Olaiya. Da a nan ya tsaya, da labarinsa na Legas ne.

Amma ya dawo Arewa, kuma da halin gidan malamai ya dawo. A zamanin Gwamna Audu Bako ya taimaka aka kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. A yi tunanin wannan: Kano, inda kowa ya san gidan da makaɗi ke fitowa, a ce ga aji, ga malami, ɗan kowa ya zo ya zauna. Ya yi aiki a shirin bikin FESTAC na 1977, a shekarar kuma ya tara matasa a Kaduna ya horar da su, suka zama ƙungiyarsa ta Pyramids, sunan da ke tuna wa kowa dalar gyaɗa. Suna kiɗa a Costain Club, daga baya tashar talabijin ta NTA ta riƙa nuna shirinsa a duk ƙasa. Waƙarsa Ikon Allah ta shiga gidan Musulmi da na Kirista ba tare da kowa ya tambayi daga ina mai ita ya fito ba. Idan na saurare ta, ƙahonnin Lakwaja nake ji, da jerin muryoyi irin na 'yan kwaya, amma Hausar tana zaune daram a kan karinta, ba kalmar da aka murɗe wa wuya. Ya rasu a 2003.

Mu nan Katsina sai a 1990 muka samu dayosis tamu. Ogan mai feda da ake tuƙawa da ƙafa ya ba da wuri ga kibod da janareta, yara suna kwaso waƙa daga waya kafin malami ya buɗe baki. Suna da kunne, ban musa ba, amma kaɗan ne cikinsu za ka rubuta wa layi ɗaya su karanta. Rashin tsaro a yankin Jibiya ya sa gwajin dare ya koma bayan la'asar, wani makon ma ba a yi.

Littafin Baba Rabaran yana hannuna, iyalinsa suka ba ni bayan rasuwarsa. A gefen shafuffuka ya bi da fensir yana gyara duk inda kari ya karya kalma, wani wuri harafi ɗaya, wani wuri layi sukutum. Ya kai kusan tsakiyar littafin. Makon jiya na ba wata yarinya 'yar aji biyar alli, na buɗe mata shafin da fensirin ya tsaya, na ce ta karanta baitin da baki tukuna, kamar tana yi wa kakarta magana, mu ji inda muryarta ke hawa.