Daga Zango Zuwa Shataletale: Sunayen Mahaɗun Hanyoyinmu

Malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, in kun lura, direban Nijeriya ba ya kiran hanya da lambar da gwamnati ta ba ta. A takardun Ma'aikatar Ayyuka, babbar hanyar da ta taso daga kudu ta bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna da Zariya da Kano har Daura, sunanta A2. Wadda ta tashi daga Ikko ta ratsa Ilori da Jebba da Kwantagora zuwa Sakkwato ita ce A1, ta Fatakwal zuwa Maiduguri ta kan Makurɗi da Jos da Bauci kuwa A3. Amma je ka tasha ka ce wa ɗan kamasho kana neman motar A2, ka ga irin kallon da zai yi maka. Abin da ya sani shi ne Kwanar Dangora da Mararrabar Jos da Gadar Kawo.

Tun kafin zuwan mota muna da wannan ɗabi'a. Fataken da ke kai hajja Gwanja su komo da goro, da zango suke ƙidaya tafiyarsu, watau inda ayari zai sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana. Zangon da ya daɗe sai ya zama gari, shi ya sa har gobe muke da Zangon Daura da Zangon Katab. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai mahaɗar dogo ta karɓi wannan aiki. Kafancan shaida ce: haɗuwar layin dogo ce ta tara mata jama'a daga kowane sashe na ƙasar nan. Bayan haka kwalta ta zo, mahaɗar mota ta gaji ta jirgi.

Kalmomin da kansu suna ba da labari. Mararraba tamu ce, daga raba. Kwana da randabawul kuwa aro ne daga Turanci, ko da yake shataletale ya fi daɗi a bakin Bahaushe. Yawancin mararraba da inda take kai mutum ake kiranta. Mararrabar Jos a tsakanin Kaduna da Zariya take, nesa ƙwarai da Jos ɗin, amma nan ake karya kwana a bi ta Pambeguwa da Saminaka. Haka Mararrabar Mubi a Adamawa. Dubi kuma Mararrabar da ke bakin Abuja a Jihar Nasarawa. Tun da aka maido da hedkwatar ƙasa Abuja ran 12 ga Disamba 1991, ƙananan ma'aikata irinmu waɗanda kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suka dinga tarewa can, har wurin ya zama gari guda, bai kuwa sake suna ba.

Waɗansu sunayen kuma awon Turawa ne ya bar mana su. Nijeriya ta daɗe da komawa kilomita, amma mil ya ƙi tafiya. A Kano akwai Mil Tara a hanyar Katsina. A kusa da Inugu ma akwai wata Mil Tara, inda motocin Arewa ke rabuwa, wasu su nufi Anaca, wasu su shiga gari. A Ikko kuwa Mil 12 ce masaukin tumatir da albasa da tattasai na manomanmu.

Kashin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na kamfanonin ciniki. Duk wanda ya yi zama a Zariya ya san PZ. Haruffan nan biyu na Paterson da Zochonis ne, 'yan kasuwa biyu da suka kafa kamfaninsu a Saliyo cikin ƙarni na 19, daga baya ya buɗe kantuna a garuruwanmu. Yaron da ke kiran fasinja yau yana cewa PZ, PZ, bai san su ba, bai kuma damu ya sani ba, amma shi ne ke riƙe da wannan babi na tarihin cinikin Sabon Gari. Haka shataletalen Leventis a Kaduna, haka Baja a Ikko da Abuja, wanda ba kowa ba ne illa kamfanin Julius Berger.

Babbar rana a tarihin shataletale ita ce 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, ranar canjin hannu. Da a hagu ake tuƙi kamar Ingila, sai aka koma dama domin a dace da maƙwabta, Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomi. A miƙaƙƙiyar hanya abin da sauƙi. A shataletale ne aka yi ta ta kare, domin zagayen da direba ya saba yi shekara da shekaru dole ya juya shi a wuni ɗaya. Mu ba a haife mu ba, amma cikin malamanmu akwai waɗanda suka gani da idonsu, ina ma ɗayansu zai rubuta mana yadda aka kwashe.

Yanzu zamanin gadar sama ne. Kano ta sami ta Ƙofar Nasarawa lokacin Gwamna Kwankwaso, sannan ta Dangi da ta Hotoro lokacin Gwamna Ganduje. An sake gina ta Kawo a Kaduna aka buɗe ta a 2022. Ba na musun amfaninsu ga mai sauri. Sai dai gada tana ɗauke mota daga ƙasa, kuma a ƙasan ne mai tsire da mai faci da mai shayi ke cin abinci. Akwai kuma al'adar raɗa wa sabon gini sunan wani babba. Ta Hotoro sunan Muhammadu Buhari aka sa mata a hukumance, amma mai adaidaita sahu Hotoro yake kira. A ganina gara a bar wa wuri sunan da jama'a suka ba shi. Abin da hukuma ta kafa, wata hukumar na iya kawar da shi: shataletalen da aka gina gaban Gidan Gwamnatin Kano don tunawa da cikar jihar shekara 50 a 2017, an rushe shi a watan Yuni 2023.

Taruwar jama'a a mahaɗa tana da nata haɗari. Ran 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta faɗi a Mararrabar Dikko kusa da Suleja, mutane suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A taswirar da ke bangon ofishinmu wurin ɗigo ne kawai a kan layin A2, ko suna ba a rubuta masa ba.