2.3 Robert Stock da Matsalar Nisan Asibiti ga Masu Taɓin Hankali a Yankin Babura

A wannan sashe za a dubi gudummawar Robert Stock, masanin labarin ƙasa ɗan Kanada, wanda ya yi bincike a ƙauyukan ƙasar Haɗeja cikin shekarun 1970, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano. A maƙalar da ya buga a 1983, ya nuna cewa gwargwadon nisan ƙauye da asibiti, gwargwadon raguwar masu zuwa neman magani. A wata maƙalar ta 1985 kuwa, ya bayyana yadda aka tara kayan kiwon lafiya a birane, aka bar karkara da ragowa. Ko da yake binciken nasa ya shafi cututtuka ne gaba ɗaya, ya dace ƙwarai da halin da masu taɓin hankali suka shiga daga baya.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu, watau SAP. Darajar Naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, majinyata kuma suka koma saye da kuɗinsu. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin tsarin kiwon lafiya a matakin farko, zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Sai dai tsarin ya zo daidai lokacin da aljihun hukuma ya ƙone, don haka bai kankama a ƙananan asibitocin karkara ba.

A nan ne bayanin Stock ya fito fili. Mutumin Babura da ɗan'uwansa ya kamu da wannan larura, sai ya nufi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano. Majinyacin ba ya tafiya shi kaɗai, maganin kuma na watanni ne ko shekaru. Ke nan kuɗin mota da na magani da asarar kwanakin noma duk suna kan dangi. Idan ƙarfi ya ƙare, sai a tsaya ga rubutu da tofi da masu maganin gargajiya, domin su ne a kusa.

Saboda haka, abin da wannan sashe ya tabbatar shi ne, idan hukuma ta rage kashe kuɗi, nauyin yakan koma kan iyalin da ya fi nisa da asibiti.