Daga Littafi Zuwa Intanet: Laburare da Jama'a a Amurka

Tsakanin 1883 da 1929, attajiri Andrew Carnegie ya gina laburare 2,509, galibinsu a Amurka, bisa sharaɗin kowane gari ya ba da fili, ya kuma riƙa kashe kwatankwacin ushirin kuɗin ginin duk shekara wajen kula da shi. Da intanet ta bayyana, sai aka sake bin wannan tafarki. Dokar sadarwa ta 1996 ta haifar da shirin E-Rate, wanda ya rangwanta wa laburare kashi 20 zuwa 90 na kuɗin intanet, gwargwadon talaucin yanki. Ragowar kuwa tana wuyan mutanen wurin. Ashe ke nan, rabon talakan da ba shi da intanet a gida ya rataya ne ga yadda garinsu ya sauke nasa nauyin.