Tsofaffin Wayoyi da Manhajoji a Tozai

Layukan wayar salula sun shigo Najeriya a 2001, daga baya suka kai garuruwan bakin iyaka irin Tozai a ƙaramar hukumar Illela. Nokia ce ta fara yaɗuwa, kafin Tecno da itel masu Android su cika kasuwa.

Tsofaffin wayoyi sun fara shan wahala lokacin da WhatsApp ta daina aiki a kan tsarin Symbian a 2017, sai Nokia S40 a ƙarshen 2018. A Oktoba 2023 kuwa, ta daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0. Masu gyaran waya kan tura manhaja ta hanyar Xender, amma in tsarin wayar ya tsufa, ko ta shiga ba ta buɗewa. Mafitar da ta rage ita ce sauya waya.