Injektar da Makanikai Suka Tura Ƙarƙashin Benci

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Marsandi ko Golf a Kano ko Kaduna ya san wannan shawara. Mota ta fara shan mai, ko tana gardamar tashi da safe, ka kai ta gareji. Bakanike ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, injekta ce. A cire ta a sa kafireta ka huta." Sai a cire, a sa kafireta, mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Kayan da aka kwance kuwa a tura su ƙarƙashin benci, bayan wata biyu 'yan gwangwan su ɗora su a sikeli su biya kuɗin alminiyam.

Ba mu muka fara ba. Amurkawa sun riga mu tun ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau jikokinsu na cizon yatsa.

Aikin kafireta da na injekta ɗaya ne, haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Kafireta tana barin iskar da inji ke zuƙa ta jawo man da kanta daga wani ɗan kofi. Injekta kuwa auna man take yi ta fesa shi da ƙarfin famfo. Jamusawa sun gwada wannan dabara a injinan jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1954 Marsandi ta fito da ita a motar 300 SL, da famfon kamfanin Bosch. Amma waccan motar attajirai ce. Wanda ya kawo abin kusa da mai matsakaicin ƙarfi shi ne kamfanin Chevrolet, a 1957, da na'urar da reshen General Motors na Rochester ya ƙera, wadda aka laƙaba wa suna Ramjet. Cikin injiniyoyin da suka yi aikin akwai John Dolza da Zora Arkus-Duntov, mutumin da sunansa ya manne da motar Corvette.

Babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan. Wani sashe yana auna iskar da ke shiga, wani yana auna mai daidai da ita, sai ƙananan bututu takwas da ke fesa man ba tsayawa a bakin kowace silinda. Famfon da ke tura man kuwa wata siririyar waya ce ke juya shi, wadda ta fito daga na'urar rarraba wuta ga fulogi. In wayar nan ta tsinke, mota ta mutu a inda take. Amma in komai ya zauna daidai, injin mai lita 4.6 yana ba da ƙarfin doki 283, daidai da lambar girman cikinsa a ma'aunin inci, abin da kamfanin ya yi ta tallatawa. 'Yan tsere sun ƙaunace ta saboda wani dalili kuma: a kwana mai tsanani man da ke cikin kofin kafireta yakan karkata gefe, inji ya shaƙe, ita kuwa wannan ba ruwanta da kwana.

A 1957 an ƙera Corvette 6,339, kuma 1,040 ne kawai suka fito da injekta. Ƙarin kuɗinta ya kusa dala 500, a kan motar da farashinta ya ɗan haura dala 3,000.

Matsalar ta fito ne a gareji. Bakaniken ƙauye a Amurka ya girma da kafireta, yana iya kwance ta ya haɗa ido rufe. Wannan sabuwar aba kuwa tana son ma'auni na musamman da haƙuri, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe ramukan feshinta. Wani lokaci tana wahalar tashi in inji ya yi zafi. Mai mota yana son ya tafi aiki gobe da safe, bakanike ba ya son ya ce bai iya ba, to me ya rage? A kwance ta, a ɗora kafireta mai maƙogwaro huɗu. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Mutum ba ya sayen mota don ya ajiye wa tarihi.

Shi kansa kamfanin ya janye a hankali. Bayan 1959 ya daina sa ta a manyan motocinsa na iyali, ya bar ta a Corvette kaɗai. A 1965 tana ba da ƙarfin doki 375, amma a shekarar ce aka fito da wani ƙaton inji mai kafireta da ke ba da doki 425 a kan kuɗin da bai kai nata ba. Nan labarinta ya ƙare, kuma Corvette ba ta sake ganin injekta ba sai 1982.

Na Chrysler ya fi wannan muni. A 1958 ya sayar da wasu 'yan motoci, irin su Chrysler 300D da DeSoto Adventurer, da wata injekta mai aiki da lantarki ta kamfanin Bendix, mai suna Electrojector. Kayan lantarkin zamanin ba su jure zafi da laima ba. Kamfanin da kansa ya kira motocin ya mayar da akasarinsu kan kafireta, don haka waɗanda ke tafiya da na'urarsu ta asali a yau da yatsu ake ƙirga su. Abin mamaki, Bendix ya sayar wa Bosch haƙƙin fasahar, Bosch ya gyara ta ya fito da D-Jetronic a motar Volkswagen a 1967. Abin da aka zubar a Amurka shi ya zama kakan injektar motocin da muke hawa yanzu.

Daga shekarun 1970 lissafi ya juya. Yaran da suka yi sha'awar Corvette ba su da kuɗin saya sun girma sun yi kuɗi. A 1974 aka kafa ƙungiyar masu mayar da Corvette kamanninta na asali, wato National Corvette Restorers Society, wadda alƙalanta ke bin mota da fitila suna duba lambobi. Akwai haruffan da aka buga a jikin inji masu nuna cewa da injekta ya fito daga masana'anta. Ita ma na'urar tana da ɗan allon ƙarfe mai lambar da dole ta dace da shekarar motar da ƙarfin injinta, haka ma na'urar rarraba wuta. Sai aka shiga bin tsofaffin gareji ana neman abin da aka tura ƙarƙashin benci. Yau cikakkiyar Rochester da aka gyara tana fin kuɗin da aka sayi motar gaba ɗaya tana sabuwa. Inda kuɗi ya shiga kuwa algus ya shiga: masu harkar sukan yi ba'a cewa Corvette masu injekta da ke yawo yanzu sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa.

Tambayar ba ta mutu ba, don har gobe ana sauya wa tsofaffin motoci kaya. Wani ya sa inji na zamani mai kwamfuta don ya riƙa tafiya mai nisa hankali kwance, sai ya tsaya yana kallon kwalin tsofaffin kayan. Ya sayar ko ya ajiye?

Masu cewa a sayar suna da hujja. Kuɗin zai rage tsadar gyaran, ga wani can yana da motar da ke jiran wannan na'ura shekara da shekaru. Kaya kuma ba sa son zama: roba ta bushe, ragowar mai ya daskare a cikin bututu. Ga batun magada, waɗanda in mai gida ya kwanta dama za su ga kwalin tarkace ne kawai, su kira mai kura.

Duk da haka, in na'urar ita ce wadda motar ta fito da ita, kuma injin asali yana nan, ni ajiyewa nake gani. Motar da kayanta suna tare sun fi daraja a kan a sayar da su daban-daban, kuma ranar da aka raba su da wuya su sake haɗuwa. Ana iya sayen wata mai lamba iri ɗaya, amma ba za a iya rantsuwa cewa ita ce ba. Sai a tsiyaye man, a toshe ramuka, a haɗa har da ƙananan kusoshi da wayar famfo, a rubuta lambar motar a jikin kwalin, a ɗauki hoto kafin a kwance komai. Amma in an riga an yanke ƙashin motar, injin asali ya ɓace tun zamanin wani mai ita, to riƙe na'urar rowa ce kawai, gara ta tafi inda za ta yi aiki.

Mu ma abin ya fara zuwa kusa. Marsandi 230E da 280E na ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, masu injektar Bosch da ake kira K-Jetronic, yanzu a Turai sun shiga sahun motocin tarihi, haka ma Fijo 504 mai famfon Kugelfischer. Ire-iren waɗannan Marsandin suna nan jibge a bayan gidajenmu, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. In ka ɗaga bonet ɗin da yawa daga cikinsu kafireta za ka tarar, da wasu wayoyi a yanke an naɗe bakinsu da salatif.