Gawayi, Buta da Jira: Nazari kan Shayin Buzaye da Natsuwa a Birnin Katsina

Shayi iri biyu ake sha a birnin Katsina, kowanne da irin lokacin da yake ci. Akwai na teburin mai shayi, wanda ake gani tun asuba a bakin tasha da wajejen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya. Lebura da direba su ce a haɗa musu mai kauri, ko ruwan bunu in aljihu ba nauyi, mai shayi ya sheƙa shi tsakanin kofi biyu ya huce, a kora da burodi a kama gaba. Akwai kuma shayin Buzaye, na 'yar buta da gawayi da koren ganyen ƙasar Sin, wanda ba ya haɗuwa da gaggawa ko kusa. A kansa wannan nazari ya tsaya, da tambaya guda: daga ina natsuwar da masu shansa ke samu take fitowa?

Katsina tsohon zango ce ta fataken Sahara masu bin hanyar Agadas zuwa Gadamas da Tarabulus, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a cikinta a 1851. Sai dai shayi bai kai wannan hanya tsufa ba. A ƙarni na 19 ne koren shayi ya bazu cikin talakawan Maroko, masana tarihi da dama kuma na danganta hakan da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda ya sa 'yan kasuwar Ingila suka karkatar da hajarsu zuwa tashoshin ruwan Maroko. Daga can ya ratsa hamada ya zauna a hannun Buzaye. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da tsakiyar 1980 ya koro Buzaye da yawa zuwa biranen Arewa, inda suka kama aikin gadi. A ƙofar gidajen da suke gadi ne yaran unguwa da dama suka fara ganin yadda ake haɗa shi.

Mai haɗawa yakan hura gawayi har ya kama, ya zuba ganye da ruwa a buta, ya ɗora. In ta tafaso ya sauke, ya sa sukari, ya ɗaga butar sama ya tsiyaya a ƙaramin kofin gilashi, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta tsaya a bakin kofi. Ya ɗanɗana, ya mayar kan wuta. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku: na farko da ɗaci da ƙarfi, na biyu tsaka-tsaki, na uku sassauƙa mai zaƙi. Kafin a gama awa guda ta wuce, sau da yawa fiye. Duk tsawon lokacin nan mai haɗawa ba shi da halin barin hankalinsa ya tafi yawo. Kunnensa na kan ƙarar buta, don in ya yi sake ta tafaso ta kashe garwashin. Idonsa na kan zirin shayin da ke sauka daga sama, don hannu na karkacewa kaɗan zai zube a ƙasa.

A ganina nan asirin yake. Gaskiya ne ganyen shayi na ɗauke da kafeyin mai wartsake jiki, da wani sinadari mai suna tiyanin da ake dangantawa da kwanciyar hankali, amma duka biyun suna cikin Lipton ɗin da ake kwankwaɗa a tsaye a tasha, wanda ba ya ba kowa natsuwa. Aikin hannun da jiran da gawayi ke tilastawa su ne ke tattaro hankali wuri guda. Likitancin zamani ya bi ta wannan hanya. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin rage damuwa na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka, kuma cikin darussan farko ana ba mutum ƙwayar zabibi ɗaya, ya duba ta, ya sunsuna, ya tauna a hankali, yana lura da abin da yake ji. Manufar ita ce a yi ƙaramin aiki da dukkan hankali. Mutanen Japan sun gina tsari sukutum na shan shayi a kan haka tun zamanin Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591.

Bakatsine ba ya buƙatar aron dalili daga nesa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin kan ladubban ci da sha. Hadisai sun zo da sha cikin numfashi uku da hana hura iska a abin sha, ga bisimilla da karɓa da dama. Wanda ya kiyaye waɗannan da kofi mai zafi a hannu, dole ya jira, dole ya kurɓa kaɗan-kaɗan. Halartar zuciyar da malamai ke nema ga mai salla tana samun wurin atisaye a nan.

Bambanci babba da tsarin Amurka shi ne na nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ba a hura gawayi don kofi guda. Ana fara miƙa wa babba da baƙo, kofuna biyu ko uku su zagaya mutum goma, wanda ya sha na farko kuma ana sa ran ya zauna har na uku. A garin da ke karɓar mutanen da matsalar tsaro ta taso daga ƙauyukan Jibiya da Batsari, ga tsadar rayuwa tun cire tallafin mai a 2023, wurin da mutum zai zauna a saurari damuwarsa ba tare da an duba agogo ba abu ne mai daraja ƙwarai.

Akwai inda ya kamata a yi hattara. Adeline Masquelier, masaniyar halayyar al'umma, ta fitar da littafi a 2019 kan fadojin samari a Nijar, inda ta nuna cewa marasa aikin yi na amfani da zagayen shayi wajen ba ranarsu tsari da ma'ana. Irin fadojin nan suna ko'ina a Maraɗi, majalisun Katsina kuma 'yan uwansu ne. Ban yarda da masu yi wa zaman kuɗin goro da sunan zaman kashe wando ba, domin yana riƙe samari da yawa daga faɗawa abin da ya fi muni. Duk da haka jiran da ɗan kasuwa ya zaɓa bayan la'asar daban yake da wanda rashin aiki ya ɗora wa mai digiri. Na farko hutu ne da ke mayar da mutum bakin aiki da ƙarfi. Na biyu lallashin zuciya ne, kuma ba ya maye gurbin sana'a.

Jiki ma yana biyan nasa kuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50 ga babba, shayin Buzaye kuwa da sukari mai yawa ake haɗa shi. Kafeyin na ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka zagayen bayan isha'i na cin barci. Shayi mai ƙarfi a kan abinci kuma yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, abin lura ga masu ƙarancin jini.

Waya ta fi waɗannan duka yi wa zaman illa. A majalisu da yawa yanzu mai haɗawa kaɗai ke tare da butar, sauran kowa kansa na sunkuye, a miƙa masa kofi ya shanye bai ɗago ba. Natsuwar ta zama rabon mutum ɗaya, wanda galibi shi ne ƙarami a wurin. Mata kuwa, da suka fi kowa daɗewa a gaban wuta, ba su da kujera a majalisa tun asali. Nasu shayin a filas yake, ana kurɓarsa tsakanin shirya yara makaranta da ɗora tukunyar rana.