Boris Pistorius, ministan tsaron Jamus

Boris Pistorius ɗan siyasar Jamus ne na jam'iyyar SPD, wanda ke riƙe da ma'aikatar tsaron ƙasar tun ranar 19 ga watan Janairun 2023. An haife shi ranar 14 ga Maris 1960 a Osnabrück, cikin jihar Niedersachsen. Mahaifiyarsa, Ursula, 'yar majalisar dokokin jihar ce, shi ma ya shiga jam'iyyar yana ɗan shekara 16. Ya yi aikin soja na dole daga 1980 zuwa 1981, sannan ya karanta shari'a.

Siyasarsa ta daɗe tana ta gida. Ya zama magajin garin Osnabrück a 2006, daga 2013 kuma ya yi shekara 10 yana ministan cikin gida na jiharsa, inda 'yan sanda ke ƙarƙashinsa. A 2019 ya nemi shugabancin SPD, ya sha ƙasa.

Da Christine Lambrecht ta yi murabus, shugaban gwamnati Olaf Scholz ya ɗauko shi, abin da ya zo wa mutane da dama a bazata. Bai cika mako a ofis ba Jamus ta amince ta ba Ukraine tankokin yaƙi samfurin Leopard 2. Ba ya ɓoye-ɓoye a magana: ya sha faɗin cewa dole rundunar ƙasar ta zama a shirye don yaƙi, kalamin da ke da nauyi a ƙasa mai tarihi irin na Jamus. Duk da haka farin jininsa ƙaruwa ya yi.

Nijar ma ta san shi. Ya zo Yamai a Afrilun 2023, zamanin Mohamed Bazoum, ya sake dawowa a Disamba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya gana da Janar Salifou Mody, lokacin da sauran ministocin Turai ke ja da baya. Burinsa shi ne Jamus ta ci gaba da riƙe sansaninta na jiragen sama a Yamai. Tattaunawar ta cije a kan batun kariyar sojojin Jamus daga gurfana gaban kotun Nijar, sai na ƙarshensu suka fice a ƙarshen Agustan 2024.

A Nuwamban wannan shekarar wasu 'yan jam'iyyarsa sun so ya tsaya takarar shugabancin gwamnati, amma ya janye wa Scholz. Da Friedrich Merz ya kafa gwamnati a Mayun 2025, shi kaɗai ne ministan tsohuwar gwamnati da ya tsira da kujerarsa.